Duk Inda Akwai Giɓi

Idan ka karɓi wayar kowane mai jin Hausa a Greensboro ta Amurka ka duba, za ka tarar da lambar Malam Iliyasu, sai dai kowa da sunan da ya ajiye ta. Wani ya rubuta "Iliyasu Taksi", wani "Iliyasu AC". Akwai wata Hajiya a Summerfield da ta sa "Mai yankan rago". Matata Celina ta ajiye shi da "Malam Filin Jirgi", domin shi ke ɗauko mata baƙi in sun sauka. Ni a tawa wayar "Malam Komai" na rubuta. Ya taɓa gani, ya yi murmushi, ya miƙo min wayar.

Sunana Shekari, mutumin Zonkwa. Ina da ɗan garejin gyaran mota a gabashin gari. Na san Malam Iliyasu tun shekarar 2001, lokacin da muke ɗaukar kaya tare a wani sito na kujeru da gadaje. Shi masallaci, ni coci, amma abin da ya haɗa mu ya fi ƙarfin wannan: mu biyu ne kaɗai a siton nan da za mu iya zagin manaja da Hausa muna yi masa murmushi. Ni ne mai zagin, gaskiya. Shi dai yakan ce, "Shekari, ka ji tsoron Allah."

Mutumin Misau ne, dogo, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron tada mai barci. Ya shigo ƙasar nan da bizar caca a 1999. Ranar da ya fara neman aiki aka tambaye shi me ya iya, sai ya kalli ƙasa ya ce, duk abin da ake buƙata. Aka ba shi tsintsiya. Daga tsintsiya ya koma ɗaukar kaya, daga nan tuƙin taksi, ya koyi gyaran na'urar sanyaya ɗaki a hannun wani ɗan Ghana, ya yi shekara uku yana yankan nama a shagon halal. In an yi rasuwa shi ake kira wanka. In Sallah ta zo shi ke zuwa gona ya zaɓi raguna. Yau shekarunsa hamsin da takwas, bayansa ya sage, kuma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya tsaya tunani.

Sai da muka yi shekara tara da sanin juna sannan na gano abin da ya iya na gaske. Wata rana bututun hayaƙin wata mota ya tsage a garejina, mai waldar da nake kira ya ƙi zuwa. Malam Iliyasu yana zaune yana jiran a canza masa taya. Ya tashi ya ɗauki abin rufe fuska, ya durƙusa. Da ya gama na duba wurin, layin waldar ya tafi sumul kamar ɗinkin tela. Ashe shekara takwas ya yi a Kaduna yana walda tankunan manyan motoci.

Na ce, "Malam! Ka san yadda ake neman mai walda a ƙasar nan kuwa? Me ya hana ka faɗa tun farko?"

Ya goge hannunsa ya ce, "Yabon kai jahilci."

Na so in buga masa sifana a ka. Na daɗe ban ji haushin mutumin da nake ƙauna irin na ranar ba.

Shi da matarsa Hajiya Daso suna da 'ya'ya uku. Na farin shi ne Rilwanu, kuma sunan nan a bakina kake jin sa, ba a bakin ubansa ba. Mutanensu suna kunyar ɗan fari. Ba sa kama sunansa, ba sa yabonsa, ba sa nuna a gaban mutane cewa ya dame su. Hajiya Daso takan ce "Yayan Ilham", da sunan ƙanwar da ke bi masa. Malam Iliyasu kuwa sai dai "wannan yaron", ko in da ni yake magana, "mutumin naka". Mu a wajenmu ba haka ba ne. Ni ɗana na fari ina kiran sunansa daga wannan ƙarshen titi zuwa wancan. Nakan tsokane shi in ce, "Malam, in yaron nan ya ɓata a kasuwa, me za ka gaya wa ɗan sanda? A nemo maka wannan?" Sai ya yi dariya ya canza magana.

A Misau wannan ba ya cutar da kowa, domin duk gari ya san fassararsa. Uba ya yi shiru, kawu ya yi yabon. Yaro ma ya san shirun nan cike yake. Amma Rilwanu a asibitin Greensboro aka haife shi, kuma ya tashi cikin yaran da iyayensu ke manna sunansu a gilashin mota.

Tun yana ɗan shekara goma ya faɗa wa ƙwallon nan ta Amurka, mai siffar gwanda, wadda ake rungumewa a gudu. Ni ma sai da na yi shekaru ina kallo kafin na gane kanta. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da mai jifa, yana da masu cafewa da ke gudu can gefe, sannan akwai wanda ke tsayawa bayan mai jifa, a danƙa masa ƙwallon a ciki ya kutsa ta tsakanin ƙarti. Shi ake kira running back. Nan ne gidan Rilwanu. Gudu yana da shi, amma ba gudun ne ya bambanta shi ba, haƙuri ne. Yakan karɓi ƙwallo ya ɗan dakata bayan ƙartin gabansa, ɗan dakatawar da za ka ce ya rikice, sai ƙofa ta buɗe, kafin ka ƙifta ido ya wuce. Abin da ya ja masa shi ne bai tsaya nan ba. Hannunsa ba ya sakin ƙwallo in an jefo masa. Shekarar da mai jifansu na sakandare ya karye, shi ya yi musu jifa har wasa biyar. In an bugo ƙwallo daga can nesa, shi ke cafewa ya dawo da ita. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Malam Iliyasu bai taɓa fashin wasa ba, amma sai ka neme shi. Can layin ƙarshe na sama yake zama, kusa da matakala, hannu cikin aljihu. In Rilwanu ya ci, filin ya ɗauki ihu, iyaye suna tsalle, shi sai ya sunkuya yana duba waya kamar an turo masa saƙo. Kafin a tashi ya sulale, don kada wani ya tare shi da barka. Ni kaɗai na san sauran labarin. Na taɓa iske shi a tashar bas ta cikin gari, yana zaune a taksinsa yana jiran fasinja, waya jingine da sitiyari. Ilham ce ta sa masa bidiyon wasannin. Na tsaya bayan motar ina ƙirgawa, gudu ɗaya ya mayar baya ya sake kallo sau goma sha ɗaya. Da na ƙwanƙwasa gilashi sai ya kife wayar a cinya ya ce yana duba yanayin gari ne.

A shekarar ƙarshe ta sakandare, kocin wata kwaleji da ke nan kusa, tafiyar rabin awa, ya zo gida neman yaron. Ranar Asabar ce da hantsi. Malam Iliyasu ya ce in zo, wai Turancina ya fi nasa kaifi. Hajiya Daso ta yi masa da miyar taushe, kocin ya ci huɗu yana gumi. Mutum ne mai kirki, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Da aka kwashe kwanuka ya buɗe ɗan littafinsa ya juyo wajen mai gida.

Ya ce da Turanci, "Mista Iliyasu, ka fi kowa sanin ɗanka. Ya iya abubuwa da yawa. A ganinka, a ina ya fi ƙarfi?"

Rilwanu yana zaune a gefe, ya ɗago kai. Malam Iliyasu ya kalli darduma. Sannan ya amsa da Turancinsa mai sanyi.

"He is nothing special. Yaro ne kawai. Duk inda kake da giɓi, sa shi. Na ba ka shi amana."

Da a gida ne, nan take baƙo zai ce, haba Malam, ai yaron nan namijin duniya ne, sai a yi dariya, yabo ya fito ta bakin da ya dace. Kocin bai ce haka ba. Ya dafa ƙirji, ya ce bai taɓa jin magana mai kyau irin wannan daga bakin uba ba, sannan ya rubuta wani abu a littafinsa. Ni da aka kira don kaifin Turanci, ina nan zaune da masa a baki, na yi murmushi kawai. Ni ne kawun da ya kamata ya yi yabon, ban yi ba. Wannan kason laifin nawa ne, kuma har yau yana ci mini rai.

To, kocin ya riƙe amana yadda ya fahimce ta. A kwaleji kowane rukunin 'yan wasa da ɗakinsa da ƙaramin kocinsa, a nan ake koyon dabaru, a nan ake sanin wa ke gaba wa ke baya. Rilwanu ɗaki uku aka ba shi. Litinin yana wajen masu cafewa, Laraba wajen masu kutsawa, Alhamis wajen masu tarar bugu. Ko'ina baƙo ne, ba kocin da ke kwana da tunaninsa. Littafin dabarun da wasu ke haddace kashi ɗaya, shi uku yake haddacewa, ga karatu. Ranar wasa kuma ya taɓa ƙwallo sau uku, in an yi sa'a huɗu. Wani ya ji ciwo, a tura shi ya toshe. Ana son yin wata dabarar ba-zata, a tura shi. Da abokan hamayya sun ga lambarsa ta shigo sai su fara nuna shi da yatsa, sun san akwai wani abu. Dabarar da kowa ya hango ai ta tashi daga dabara.

Shekara biyu aka yi haka. Kowace Lahadi da yamma garejina ya zama majalisa. Salissou, wani ɗan Zinder mai tuƙin tirela, ya dage a mayar da yaron mai jifa, "voilà, magana ta ƙare." Wasu su ce a bar shi wajen cafewa tunda hannu gare shi. Ni abin da nake gani daban ne, kuma na faɗa har muryata ta dushe. A ba shi ɗaki ɗaya. A tsayar da shi bayan mai jifa tun daga farkon wasa har ƙarshe, a danƙa masa ƙwallo sau goma sha biyar, sau ashirin, har ƙartin can su gaji da shi, su matso gaba suna jiransa. To a lokacin ne, in ya zame gefe aka jefa masa, wanda aka sa ya tsare shi ƙato ne mai nauyi, ba zai kama ko ƙurarsa ba. Sauran abubuwan da ya iya ba su da amfani sai in akwai guda ɗaya da ake tsoronsa a kai. Ina da sifana mai daidaitawa a gareji, tana shiga kowane noti, amma in aikin gaske ya zo ba ita nake ɗauka ba.

Malam Iliyasu yakan zauna a kan tsohuwar taya yana jin mu. In an tambaye shi sai ya ce, "Koci ya fi mu sani." Sannan wayarsa ta yi ƙara, ya ce "To, ga ni nan zuwa," ya tashi yana dafa ƙugu.

A watan Disamba na shekara ta biyu, bayan an gama wasannin kaka, Rilwanu ya kawo motarsa a canza mata mai. Ya rame. Ya tsaya yana kallona ina kwance bututu, can ya ce, "Baba Shekari, I talked to Coach."

Ya roƙi a bar shi a ɗakin masu kutsawa kawai. Kocin ya gaya masa, cikin lallashi, cewa ya riga ya ɗauko sababbi biyu daga wasu makarantu don wurin nan, kuma shi darajarsa ita ce yana shiga ko'ina. Saura shekara biyu ke gare shi na wasa. In suka tafi kamar biyun farko, shi ke nan, ya gama ba wanda ya ga abin da ya iya.

Ya ce, "Ka san me ya fi ciwo? Every August, in sababbin yara sun zo, Coach yana ba su labarin Baba. Wai, this man told me his son is nothing special, put him anywhere. Wai haka ake so ɗan wasa ya zama. Sai kowa ya tafa min. Ni kuma ina zaune ina murmushi."

Na fito daga ƙarƙashin motar. Na fara yi masa bayanin kunya, da Misau, da ɗan fari. Ya girgiza kai.

"Na sani, Mama ta gaya min. But how do I know, Baba Shekari? Ta yaya zan san ba haka yake gani na ba? Shekara ashirin, he's never even said my name."

Na ba shi labarin taksi da bidiyo sau goma sha ɗaya, ya saurara kamar ina ba shi labarin wani mutum dabam. Na ji tausayinsa, na ji tausayin uban, na kuma gaji da su duka biyun.

Washegari na bi Malam Iliyasu har wata gona a McLeansville, inda yake fiɗar ragon sunan wani. Sanyi ake yi, hannunsa duk jini, bayan nan nasa ya ƙi miƙewa. Ban tsaya doguwar gaisuwa ba, na zazzage masa komai.

Ya ajiye wuƙa. "Amma ai ya san ba haka nake nufi ba."

"Wa? Kocin ko yaron?"

Ya kawar da kai ya kalli ragon.

Na ce, "Malam, gwano ba ya jin warin jikinsa. Kai aka tambaya me ka iya, ka ce komai, suka ba ka tsintsiya. Shekara ashirin da biyar kana toshe giɓin mutane. Yanzu ka ɗauki tsintsiyar ka miƙa wa ɗanka."

Na ga maganar ta shige shi, har na yi nadamar yadda na faɗe ta. Ya ce a hankali, "Ubana bai taɓa kama sunana ba har ya koma ga Allah. Ban taɓa shakkar sa ba ko sau ɗaya."

"Domin duk Misau tana gaya maka abin da shi bai faɗa ba. Nan wa zai gaya wa yaron? Yabon gwani ya zama dole, Malam. In ba ka yi ba, ba mai yi."

Ya ɗauki wuƙar ya ci gaba da fiɗa. Sai da ya gama, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Ranar Talata ka raka ni."

Ya sa farin kaftaninsa na Sallah da hula zanna. Muka zauna a ofishin kocin, hotunan 'yan wasa kewaye da mu. Kocin ya tarbe mu da murna, har ya tambayi masar Hajiya Daso. Malam Iliyasu ya haɗa hannuwansa a kan gwiwa. Ban taɓa ganin mutum yana shan wahalar buɗe baki irin haka ba. Ya ce maganar da ya yi shekara biyu da suka wuce al'ada ce, ba gaskiyar zuciyarsa ba. Ya ce yaron ya fi kowa a ƙungiyar nan iya kutsawa, kuma ana ɓata shi. Ko a nan "yaron" ya ce. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga a cikin sanyin Disamba.

Kocin ya saurara har ƙarshe. Sannan ya jingina da kujera ya yi ajiyar zuciya.

Ya ce, "Mista Iliyasu, shekara goma sha tara nake wannan aiki. Duk uban da ya zauna a kujerar nan sai ya gaya min ɗansa ya fi kowa. Ba na ma ji, kamar ƙarar fanka ce. Kai kaɗai ne ba ka faɗa ba. Shi ya sa na gaskata ka."

Ya ba da haƙuri, kuma na yarda har zuciyarsa ne. Amma ya riga ya yi wa sababbin nan biyu alkawari, ba zai iya warwarewa ba. Ya raka mu har ƙofa.

A mota, da muka kusa gari, Malam Iliyasu yana kallon gilashi ya ce, "Na yi kunya an ɗauke ta gaskiya. Na faɗi gaskiya an ɗauke ta surutun iyaye."

A zamanin nan ɗan wasa yana iya sa sunansa a jerin masu neman canjin makaranta. Rilwanu ya sa. Manyan makarantu ba su waiwaye shi ba, me za su gani, taɓawa uku a wasa? Sai wata ƙaramar kwaleji can arewa, tafiyar awa tara a mota, inda kocin ya tono bidiyonsa na sakandare. Ya ce yana neman mai kutsawa guda ɗaya da zai ɗora wa kaya, amma yana da shakka, me ya sa makarantar farko ba ta taɓa ba shi wurin ba? Ya nemi magana da iyaye ta bidiyo.

Falon nan dai, darduman nan dai. Ilham ta jingina waya da kwalin shayi. Ni ma ina nan, wannan karon na sha alwashin in ya sake kallon ƙasa zan ƙwace maganar. Hajiya Daso ta tsaya a ƙofar kicin. Kowa a ɗakin ya san abin da amsar za ta jawo: in ta gamsar, yaron da ke zuwa cin tuwo duk Lahadi zai koma ganin sau biyu a shekara.

Kocin ya yi tambayar, kusan kalma da kalma irin ta wancan. A ina ya fi ƙarfi?

Malam Iliyasu ya kalli darduma. Na buɗe baki. Sai ya ɗaga min hannu, ya ɗago kai ya kalli wayar.

"Rilwanu," ya ce. Sunan ya fito masa a karkace, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. "Rilwanu running back ne. Ba gudunsa za ka duba ba. Ka duba wasansu na bakwai a sakandare, kashi na uku, yadda ya tsaya bayan mai lamba sittin da huɗu har ƙofa ta buɗe ta hagu. Ba a koya masa wannan ba. Sau goman farko da za a danƙa masa ƙwallo ba za ka ga komai ba, kada ka cire shi. Daga na sha ɗaya yake fara gane su. In sun matso gaba, sannan ka jefa masa, amma kada ya wuce sau uku ko huɗu. Kuma ka ba shi ɗaki ɗaya."

Ya yi kusan minti biyar yana magana. Ya ambaci wasannin da ni kaina na manta, da ranar da aka yi ruwa, da ranar da yaron ya yi kuskure ya gyara a gudu na gaba. Kocin ya daina rubutu yana kallonsa kawai. Na saci kallon Rilwanu. Wannan karon shi ne ya sunkuyar da kai yana kallon darduma, kafaɗunsa suna motsi.

Kocin ya ce, "Ya zo a Janairu." Hajiya Daso ta juya ta shige kicin, muka ji ta buɗe famfo da ƙarfi.

Sati biyu kafin tafiyar, Malam Iliyasu ya zo garejina da ƙarafa, ya ƙera wa motar yaron abin ɗaukar kaya a baya. Rilwanu ya shafa layin waldar da yatsa ya ce, "Baba, you can weld?" Uban ya ce, "Kaɗan-kaɗan." Wani abin ba ya canzawa.

Da safiyar wata Asabar ya tafi. Aka yi addu'a a bakin titi, Hajiya Daso ta cusa masa kilishi da yaji a jaka, motar ta sha kwana ta ɓace. Shekara biyu yana tafiyar rabin awa daga gida, ga shi yanzu an saya masa wurinsa da awa tara. Muna nan tsaye wayar Malam Iliyasu ta yi ƙara, na'urar ɗumama gidan wata Anti ce ta mutu. Ya ce, "To, ga ni nan zuwa." Motarsa tana garejina, don haka na ce in sauke shi.

Muka kama hanya. Can ya ce, "Awa tara ka ce?"

"Tara, in ba cunkoso."

Ya gyaɗa kai, ya gyara zaman bayansa a kujera.

"Rilwanu ba ya gudu da mota," ya ce. "Rilwanu zai yi goma."

Ba wanda ya tambaye shi. Sunan kawai yake son faɗa.